Duwatsun da Uban Bihi Ya Tara

Bihi mijin yayata ne, kuma tun ranar da aka kai masa ita muke faɗa ni da shi. Ina yarinya a lokacin, na ce masa hancinsa irin na bunsuru ne, shi kuma ya ce da ya san za a haɗo masa da ni cikin kayan amarya da ya fasa auren. Yayata Tuda ta rasu, nawa mijin ma ya bi ta, haƙoranmu sun zube, amma bakinmu bai mutu ba. Ina ce masa Dadda, kamar yadda muke ce wa duk wanda ya girme mu, shi kuma in ya ga dama ya kira ni da sunana, Ijja, in bai ga dama ba ya ce mai bakin reza. Duk lokacin zafi bukkarsa da tawa bango ɗaya ne ya raba su, can sama a bakin tafki.

Ƙauyenmu yana cikin kwari, tafkin yana bisa tsauni, mai awaki in ya tashi da asuba sai la'asar yake ganin ruwan. Rabin shekara ƙanƙara ce ke riƙe da wurin. In ta narke kuma dattawa su hana kowa hawa da dabba har sai ciyawa ta zubar da irinta, sannan a sa rana a buɗe makiyaya, gari ya kwashi tukwane da barguna ya hau. A irin wannan hawan aka haifi Bihi, a gefen hanya, don haka yake cewa shi ba ɗan ƙauyenmu ba ne, baƙunci yake zuwa yi mana da hunturu.

Ubansa, Assu, yana da ƙane wanda gajimare ya rufe shi a kan gangaren tsakuwa da ke bisa tafkin. Wanda bai taɓa ganin gajimarenmu ya sauko ba zai ɗauka ƙari nake yi, amma mutum yakan miƙa hannu ya rasa yatsunsa. Ƙanen ya taka inda babu ƙasa, ruwa ya karɓe shi, ba a sake ganin ko hularsa ba. Daga shekarar Assu ya kama tara duwatsu. Ya rinƙa gina karkur, wato tulin dutse mai kai wa mutum ƙirji, tun daga bayan bukkoki, ya bi gefen ruwa, ya ratsa gangaren nan, har zuwa filin ciyawa na sama. Ya jera su kusa da kusa, yadda in ka dafa ɗaya za ka hangi duhun na gaba ko da gajimare ya kai maka gashin ido. Aikin ya ci masa shekaru da ƙashin baya.

Mu kuwa a wurinmu ba a rushe karkur. Wani an tara shi ne inda mutum ya mutu, wani alwashi ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, wani kuma alama ce ta ciyawar da aka hana. Tunda ba ka san wanne ne a gabanka ba, sai ka yi bisimilla ka kewaye. Yaron da ya ture ko dutse ɗaya daga kai, uwarsa ce za ta fara cin ƙaniyarsa kafin maganar ta kai ga ubansa.

A kan wannan hanya Bihi ya yi rayuwarsa. Sau ɗaya aka taɓa lallaɓa shi ya tafi birnin Kazabalanka tsaron shagon wani ɗan'uwa, wata bai mutu ba ya dawo, ya ce garin babu inda mutum zai ajiye idonsa ya huta. Bai yi dukiya ba, bai kuma roƙi kowa ba. Abin da ya fi alfahari da shi udad ne, ragunan dutsen nan masu gemu har gwiwa, waɗanda in sun ji warin mutum daga nesa sai dai ka ga ƙurarsu. Shi in ya zauna a filin sama sukan sauko su yi kiwo a gefen awakinsa, su ɗago su dube shi su ci gaba da cin abinsu. Nakan ce masa ba amana ba ce, sun ɗauka ɗan'uwansu ne saboda warin. Yakan ce ni kuwa ko hankakan dutse, da ba su ƙin kowa in da ɓawon burodi, ba sa sauka a ƙofata.

'Ya'yansa mata sun yi aure a kwaruruka daban-daban. Namiji ɗaya gare shi, Embarak, yana tuƙa motar kayan miya a birnin Agadir. Ɗa ne nagari, kuma nan matsalar take. Tun da uwarsa ta rasu yake son a sayar da awakin, uban ya koma wurinsa, ya ma ware masa ɗaki a bene. A gabana ya faɗa masa, ranar sadakar Tuda, yana hawaye: "Baba, na bar ka tunda ka ce da sauranka. Amma ranar da na ga ka gaza, ba zan sake neman izininka ba, ɗaukar ka zan yi." Bihi ya san ɗansa ba ya magana biyu. Daga ranar abu ɗaya ya rage masa a duniya, kada Embarak ya ga gazawarsa, don ya ci gaba da hawa tafki.

Ni na fara ganewa. Wata safiya na wanke bargona na shanya a kan katanga, na koma bayan bukka ɗebo itace. Ina dawowa na tarar da shi tsaye gaban bargon.

"Ijja, kin tashi lafiya? Yau kuma ba a amsa gaisuwa?"

Na buɗe baki zan yi dariya, dariyar ta maƙale. Na ce, "Dadda, ga ni a bayanka."

Ya juyo wajen muryata. Can ya ce, "Na sani mana. Bargon nake gaisarwa, ya fi ki ladabi."

"Tun yaushe?"

Ya zauna a kan dutsen da muke niƙa gishiri, ya faɗa mini. Ashe da likitocin ido suka zo kasuwar Talata ya je a ɓoye. Suka ce masa ba yanar ido ba ce da ake cirewa, jijiyar ce ke mutuwa, kuma ya makara. Abin da ya rage masa haske da duhu, sai abin da ke dab da shi in yana da girma.

Na ce, "To ai sai ka sauka. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, balle bakin wannan ruwa da ya ci ƙanen ubanka."

"Makahon yana da uba. Tsoho ya gina mini hanya tun kafin ya san zan buƙace ta. Ke dai ki rantse ba za ki faɗa wa yaron nan ba."

"In ka faɗa ruwa fa, in ce masa me?"

"Ki ce kin huta."

Na rantse. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na haɗiye maganar, ta zauna mini a ƙirji.

Kuma dai ya iya. Kullum da safe ina zaune a ƙofa ina kaɗa nono a salka, ina kallonsa. Ya buɗe garke, uwar awakin mai ƙararrawa ta shige gaba, shi ya bi da sanda. Ya kai karkur na farko ya dafa, ya ɗaga kai har ya sami duhun na biyu, ya nufe shi. Wanda ya gan shi daga nesa cewa zai yi tsoho ne yake hutawa a kan kowane tuli, ko yana yi wa ubansa addu'a. A filin sama kuwa ba ya buƙatar ido. Kunnensa ya san kukan kowace akuya, ya san ihun da suke yi in inuwar mikiya ta gifta, ya san tsakuwar da udad ke turowa in suna saukowa. Da yamma ya dawo yana ba ni labarin wadda ta haihu cikin udad da wanda ya tsufa, kamar ya gani. Shekara biyu ko uku muka ci a haka, Embarak ya zo ranar buɗe makiyaya ya koma bai ga komai ba.

Baƙi masu hawan dutse sun daɗe suna zuwa mana, Turawa da 'yan birni, da jakunkuna a baya da sanduna bibbiyu kamar guragu. Ba mu ƙi su ba. Suna sayen man awaki da burodin sha'ir, samarinmu suna yi musu jagora, alfadarai suna samun aiki. Amma da aka kawo titi kusa da kwari sai suka yawaita, suka kuma zo da wata sabuwar wauta. Kowa ya iso bakin tafki sai ya ɗora dutse kan dutse, ya tsaya a gefe a ɗauke shi hoto. Da farko ƙanana ne, ba su wuce murhun gasa burodi ba. Sai abin ya zama gasa, wannan ya yi mai kai gwiwa, na bayansa ya yi mai kai ƙirji, wasu a kan hanya, wasu a gefenta, wasu a can bakin gaɓa inda hoton zai fito da ruwa a baya.

Wata rana Bihi ya dawo wandonsa a yage, jini ya bushe a ƙaurinsa. Ya hangi duhu ya nufe shi, ashe na baƙi ne a bakin rami, ƙafarsa ɗaya ta taka iska. Sandarsa ce ta cece shi. Ina wanke masa ciwon da ruwan gishiri ina zagi.

"Gobe in ka kai gare shi ka sa ƙafa ka ture. Duk wanda ba na Assu ba ka ture."

"Ba a rushe karkur, Ijja."

"Wannan ba karkur ba ne, wasan yara ne. Da idona na ga yarinyar da ta tara na bakin ramin, tana ta ƙyalƙyala dariya, saurayinta na ɗaukar ta hoto."

"Kin ga haƙoranta. Kin ga zuciyarta? Mai dariya ba shi da mamaci?"

"Mutanen nan ba su san al'adarmu ba."

"To ai ni na sani. Mutum ya taso daga ƙarshen duniya ya hau wannan tsauni, ya sunkuya ya ɗauki dutse, ki ce mini babu abin da ya ɗora a kai sai dutsen? Ko ɗaya ne cikinsu yake na uwar wani, ban san wanne ba ne."

Na ce masa alfadari ya fi shi jin magana. Amma kada in yi ƙarya, ni ma na gwada. Na lallaɓa da gwiwoyin nan nawa da suka daɗe da ƙin hawa, na kai ga na kusa, na ɗaga sanda. Hannuna ya ƙi sauka. Al'adar da ta raine shi ita ta raine ni, na yi bisimilla na kewaye na dawo ina jin haushin kaina.

Sai ya koyi bambance su da tafin hannu. Duwatsun ubansa sun yi gansakuka, sun zauna da juna, ko ka jingina ba su motsi. Na baƙi santsi gare su, kuma suna rawa. In ya kai ga tuli ya shafa, in ba na Assu ba ne ya ja da baya a hankali zuwa inda ya fito, ya sake neman wani duhun. Hanyar da yake gamawa kafin rana ta taɓa ruwa ta koma cin rabin safiya. Awaki su yi nisa su bar shi, yana bin ƙararrawa da kunne, yana bin ubansa da hannu. Ina zaune ina kallo, ba ni da ƙafar bin sa, ba ni da bakin kiran wani, kuma ɗaukar makiyayi sai wanda ya shirya bayyana dalili. Ban taɓa jin kaina ba ni da amfani kamar a wannan shekarar ba.

Da kaka, bayan mun sauko, wani baƙo ya hau shi kaɗai, gajimare ya rufe shi, ya bi tulin 'yan'uwansa har ya faɗa wani kwazazzabo. An same shi da rai, da karaya a cinya. Samarinmu masu jagora suka yi taro, babbansu Abella, jikan maƙwabcinmu, yaro mai hankali da son gyara. Da ƙanƙara ta narke, kafin a buɗe makiyaya, suka hau da alfadarai suka yi kwanaki. Da suka sauko Abella ya biyo ta ƙofata yana share gumi.

"Inna, mun share shirmen duwatsun nan kaf. Bana ko jariri ba zai ɓata a tafki ba."

Na rangaɗa guɗa, na cika masa hula da ƙwai. Na je na faɗa wa Bihi, ya ce shi dai ba da hannunsa ba, Allah ya yafe musu, amma na ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Bai zo wa ɗayanmu a rai ya tambayi na Assu ba. Wane ɗan garin nan ne zai taɓa su?

Ranar hawa Embarak ya iso daga Agadir da sukari da ganyen shayi. Bihi ya kama jelar alfadari kamar yadda tsofaffi ke yi a hawa, don haka babu wanda ya lura da komai. Ni ina bisa wani alfadarin. Muna karyo kwanar ƙarshe tafki ya bayyana, na kai ido gefen ruwa, na kai gangare. Babu tuli ko ɗaya. Sai fenti ja da fari da aka shafa wa duwatsun ƙasa, layi-layi, har sama.

Na sami Abella yana sauke kaya. Na ce, "Kai, ina na Assu?"

"Ai duka muka kwashe, Inna. In mun bar wasu, gobe baƙi su gani su ƙara nasu, mu koma gidan jiya. Sai da muka tambayi liman, ya ce ceton rai ya fi tulin dutse. Kuma ba mu zubar ba, dubi can, matakala muka yi da su a wurin da yake zamewa. Fentin nan kuwa ko a gajimare ana ganinsa."

Yana murmushi yana jiran in sa masa albarka. Me zan ce? Yaron bai yi don mugunta ba, kuma abin da zai sa ya gane ɓarnarsa shi ne abin da na rantse ba zan faɗa ba. Na ce Allah ya biya, na wuce.

Ana can ana fiɗar bunsurun buɗe makiyaya, mata na hura wuta, na ja Bihi bayan bukka na faɗa masa. Ya daɗe yana murza kan sandarsa.

"Har na farkon, na bayan garke?"

"Har shi."

"Gindinsu dai yana nan. Ƙafata za ta ji gindin."

"Sun share, Dadda. Sun yi aiki mai kyau, 'yan banza."

Ya ɗan yi dariya, ni kuwa na kasa. Na ce, "Ka kwanta gobe ka ce bayanka ne. Jibi Embarak zai koma, sai mu san abin yi."

"Mu san me? Ke za ki ɗauke ni a baya?"

"A sake tara su."

"Wa zai nuna inda suke? Ke ba ki taɓa wuce gangare ba, ni kuma ba na ganin ƙasa. In na ce a tara, su ce don me, ga fenti?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, na tsaya ina kallon tsohon nan yana shafa bangon bukka, ba ni da abin ba shi ko na zagi.

Da safe awaki suka cika wuri da kuka, sun ji warin ciyawar sama. Embarak yana zaune a ƙofata yana shan shayi, yana ba ni labarin tsadar tumatir. Na ɗauka Bihi zai bi shawarata, sai na ji ƙarar ƙyauren garke. Uwar awakin ta fita, sauran suka bi ta, shi ya biyo baya da sandarsa, kansa a ɗage, tafiyarsa ta kullum. Ƙafarsa ta kai shi daidai inda na farkon yake, ban san yadda aka yi ba. Ya miƙa hannu zai dafa, hannun ya wuce.

Ya tsaya. Yana tsaye a kan wani dutse mai fenti ja da fari. Ya juya kai dama, ya juya hagu, yana neman duhu, ko'ina haske ne. Ƙararrawa tana ta yin nisa. Daga can sama tsakuwa ta gangaro, udad ne ke ƙetare gangaren, ya ɗaga fuska wajen, ya daɗe yana saurare. Sai ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya, ba wajen hanya ba, wajen ruwa.

Embarak ya ajiye kofinsa. "Inna, me Baba yake nema?"

Na riƙe salkar nono da hannu biyu, ina roƙon Allah a zuci, ban ma san me nake roƙo ba, ya tafi ne ko ya tsaya.

Bihi ya sake miƙa sanda, ta taɓa gefen gaɓa, 'yan duwatsu suka zube cikin ruwa. Ya ji ƙararsu. Ya janye ƙafarsa, ya sauke sandar, ya tsaya kamar yaron da aka manta a kasuwa.

"Embarak."

"Na'am, Baba."

"Zo ka kama hannuna."

Yaron ya dube ni. Na sunkuyar da kai, kuma a nan ya gane har da cewa na sani. Ya tashi ya tafi, ba da gudu ba, don kada mutanen da ke sauran bukkoki su waiwayo. Ya kama hannun da ke miƙe, ya duba cikin idon ubansa.

"Ina za mu, Baba? In kai ka sama wurin awakin?"

"Ka kai ni yau, gobe fa?" Bihi ya ce. "Mu je inda ka shirya."

Embarak ya juyo da shi wajen bukkoki. Suka taho a hankali, ɗan a gaba, uban a baya, ni kuma na tashi na kawar musu da tukunyar shayi daga hanya, don shi kaɗai ne abin da zan iya yi.